Wasiƙun da Suka Ƙi Daina Zuwa Gwaram

A ƙofar gidan waya na Birnin Kudu suka fara haɗuwa, wata Laraba da hantsi, a shekarun nan da arzikin man fetur ya fara kawo kwalta da rediyo cikin ƙasa, aka kuma buɗe makarantun firamare kyauta har cikin ƙauyuka.

Ƙasimu mai gyaran agogo ne ya fito daga ciki rungume da tulin wasiƙu, ya danne su da haɓa kada su zube. Wata budurwa na zaune a kan dakali ita da gwaggonta, suna jiran akawu ya sayar musu da kan sarki. Yana zuwa daidai inda suke sai ta ƙasa ta sulale, sauran suka bi ta.

"Subhanallahi!" in ji budurwar, ta sunkuya tana tsince masa. "Malam, duk wannan naka ne, ko na garin ne gaba ɗaya?"

"Nawa ne," ya ce, kunya ta kama shi.

Ta juya ɗaya ta duba kan sarkin. "Jamus. Wannan kuma Indiya. Wa ka sani a Indiya?"

"Ba kowa. Su ne suka san ni."

Gwaggon ta riƙe baki. "Kai ɗan nan! Ashe yau mun gamu da sarkin ambulan."

Gaskiya ya faɗa. Ƙasimu bai wuce firamare ba, amma Allah ya jarabce shi da son abin mamaki. Kayan agogon da yake sarowa daga Kano a cikin tsofaffin mujallu ake naɗo su. Wata rana ya lura da wani ɗan gurbi a gindin shafi, an ce ka rubuta sunanka da adireshinka ka aiko, za a riƙa turo maka littafin kayanmu kyauta. Ya yanke, ya cike, ya aika, har ya manta. Bayan wata da watanni sai ga littafi, da sunansa a bayan ambulan, inji ne ya buga ba hannu ba. Tun daga ranar bai ƙara ganin irin gurbin nan ya ƙyale shi ba.

Ba ya sayen komai, kallo kawai yake. Yana da hoton kabewar da ta fi tukunyar biki girma, da agogon bango da tsuntsu ke leƙowa daga ciki ya yi kuka ya koma, da takalmin tafiya a kan ƙanƙara, da jadawalin wani gidan rediyo da ko yarensu ba ya ji.

Budurwar kuwa Saudatu ce, 'yar Alhaji Barau mai sayen hatsi a Gwaram. Ta gama kwalejin horon malamai, tana koyar da 'yan aji biyu a garinsu. Gwaggo Azumi ƙanwar mahaifinta ce, ita ke kawo man gyaɗa kasuwar Birnin Kudu.

Saudatu ta miƙa masa ta ƙarshe, ta ce cikin dariya, "Ka ji daɗinka. Ni tun da aka haife ni ba a taɓa aiko mini da wasiƙa da sunana ba. Ko takardar ɗaukata aiki a hannun hedimasta na karɓa."

Ita wasa take yi. Shi kuwa maganar ta shige masa zuciya ta zauna.

Ba a daɗe ba Gwaggo Azumi ta zama 'yar aikensu. A ƙarƙashin kwalaben mai take sa 'yan takardunsu, shi ya sa duk saƙon da ya isa sai ya isa da tabon mai. Na farko da ya rubuta ga abin da ya ce:

"Malamata, gaisuwa mai yawa. Yau na gyara agogon liman, amma na cikin ƙirjina ya ƙi gyaruwa, gudu yake tun ranar Laraba. Ko akwai abin da ake sa masa a Gwaram? Naki, Sarkin Ambulan."

Amsa ta dawo ranar kasuwa:

"Sarkin Ambulan, na ga saƙonka. Akwai kuskure a rubutun, na gyara da jan biro, amma ban rage maka maki ba. Agogon kuma ka bar shi ya yi ta gudu, nawa ma haka yake. Malamarka."

Ya fara zuwa zance Gwaram ranakun Juma'a. Kawunsa ya je ya gai da Alhaji Barau ya gabatar da maganar, Alhaji ya ce ba laifi, yaron yana da sana'a, a bari damina ta wuce a zauna.

Amma ba Ƙasimu kaɗai ke so ba. Akwai Maikuɗi, direban babbar motar da ke jigila tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, wanda kuma shi ke ɗaukar jakar wasiƙun Gwaram. Ya taɓa kawo wa Saudatu rediyo mai kaset daga Kano, ta mayar masa. Duk da haka abin ya tsaya wa Ƙasimu a rai. Shi ba shi da rediyon bayarwa, me zai ba ta wanda ba wani namiji a ƙasar nan da zai iya ba ta?

Sai ya tuna maganarta ta ranar farko.

Ya zauna a shago ya zaɓo gurabe masu tsabta: na masu littafin ɗinki, na masu irin furanni, na masu littattafan yara, na masu tukwane da cokula. A kowanne ya rubuta a hankali, Mis Saudatu Barau, ta hannun Alhaji Barau, Gwaram. Bai gaya mata ba. So yake ta ga sunanta ya tsallako teku ya zo ya same ta.

Abu ɗaya ne bai yi tunaninsa ba. Shi a Birnin Kudu akwati gare shi mai makulli, ba mai sanin abin da ya shigo masa. Gwaram kuwa ba akwati. Jaka ofishin hakimi ake kai ta, masinja Ɗanbala ya rataya ya shiga kasuwa yana kiran sunaye da ƙarfi, kuma ba ya miƙa wasiƙa sai ya sanar da jama'a ƙasar da ta fito.

Ta farko da ta iso, Saudatu ta rubuto masa:

"Sarkina, yau an kira sunana a kasuwa daga Ingila! Na san aikinka ne. Littafin ɗinki ne, har da rigar jarirai mai kunnen zomo. Na sa ambulan ɗin a ƙasan akwatina. Allah ya bar mu tare."

Ranar Ƙasimu bai iya gyara ko agogo ɗaya ba don murna.

Bazara ta shigo, wasiƙu suka ƙaru. Ta yau daban, ta jibi daban. Har daga wuraren da bai taɓa aika sunanta ba: masu maganin ƙiba, masu koyar da dambe ta wasiƙa, masu sayar da gashin kanti. Abokan Alhaji Barau suka fara tsokanarsa a rumfar hatsi.

"Alhaji, yaushe surukan namu na London za su iso? A yi musu tuwo ko shayi?"

Alhaji ya yi ta murmushin dole.

Sannan ta zo, wadda ta ɓata komai. Wata ƙungiyar ƙulla abota ta wasiƙa ta buga sunan Saudatu a cikin littafinta, ta ce budurwa ce a Gwaram mai neman abokai. Maza suka fara rubutowa da hannunsu. Ranar wata kasuwa Ɗanbala ya miƙa wa Alhaji ambulan, Alhaji ya farke a gaban abokansa, sai hoton wani ƙato ya faɗo a kan buhun gero, ya jingina da mota, rigarsa a buɗe har cibiya.

Ba wanda ya yi tsokana ranar. Shirun ne ya fi yi wa Alhaji ciwo.

Gwaggo Azumi ta iso shagon Ƙasimu ko sallamar kirki ba ta yi ba. Ta ajiye masa takarda a kan tebur, wannan karon ba tabon mai, don a hannu ta riƙo ta.

"Malam Ƙasimu, ban san ka da haka ba. Ka kai sunana kasuwar maza. Iyayen ɗalibaina suna kallona, Baba ya daina cin abinci a tsakar gida. In gwada ni kake yi, ka gwada. Kada ka zo ranar Juma'a. Saudatu."

Ya karanta, ya ɗago ya dubi Gwaggo.

"Gwaggo, wallahi ban kai sunanta wurin maza ba. Masu ɗinki ne da masu fure!"

"To aljanu ne suka kai? Kai dai ka ja mana, ɗan nan. Ka ɗauki sunan 'yar mutane ka watsa duniya kamar iri."

Ya ruga gidan waya wurin abokinsa Abdulsalami akawu. Abdulsalami ya saurare shi har ya gama, ya girgiza kai.

"Ai dama haka suke yi. Sunan da ka ba wa wannan, shi zai sayar wa wancan, wancan ya sayar wa na gaba. Kai ba ka lura naka ma wasu ba ka san inda suka samo ka ba?"

Ya lura mana. Da can murna yake, yana zaton shahara ce.

Kawunsa ya koma Gwaram ba da haƙuri, ya dawo da hukunci. Alhaji ya ce bai kori yaron ba tukuna, amma wanda ya buɗe ƙofar nan shi zai rufe ta. Ya ba shi daga yanzu zuwa ganin watan azumi ya tsayar da wasiƙun. In aka shiga azumi, takarda ko ɗaya ta zo da sunan Saudatu kafin sallah, to maganar aure ta mutu, kada wanda ya ƙara tayar da ita.

Daga nan Ƙasimu ya shiga aikin da bai taɓa zaton yana da wuya ba. Sa suna minti ɗaya ne, cire shi kuwa sai wanda ya gwada.

Gwaggo ta kwaso masa duk ambulan ɗin da suka taru a cikin buhun gishiri. Ya baje su a shago yana neman adireshin kowane. Wasu sun ɓoye nasu a can ƙasa da rubutu ƙanana, sai da ya sa gilashin gyaran agogo ya gani. Wasu ba su sa ba sam. Ya yi ta rubutu da ɗan turancinsa, yana roƙo a cire sunan. Agogunan mutane suka taru ba gyara, masu su suna zuwa suna faɗa.

Amsoshin da suka fara dawowa sun ƙara masa ciwon kai. Wasu suka gode masa da ya tuntuɓe su, suka ƙaro littafi. Wasu suka ce ba za su cire ba sai mai sunan ta sa hannu da kanta. Masu gashin kanti kuwa kalanda suka aiko.

Ya rubuta wa Saudatu ya bayyana mata komai, yadda ake sayar da suna, da abin da ya sa ya yi tun farko. Shiru. Kasuwa ta ci, wata ta ci, Gwaggo na zuwa da mai kawai. In ya tambaya sai ta ce, "Tana nan. Ta rame." Shi ma ya rame, ga damina ta sauka kowa na gona, shi yana zaune yana lasar kan sarki har harshensa ya yi ɗaci.

Maikuɗi kuwa abin nema ya samu. Duk ranar da ya zo gidan waya ɗaukar jaka ya tarar da Ƙasimu, sai ya ɗaga ta sama yana jinjinawa.

"Kai, yau ma da nauyi! Ango, in sauke maka rabi ne? Ka kwantar da hankalinka, in abin ya gagara akwai masu mota."

Maganar takan bi Ƙasimu har shago.

Sai wata ranar kasuwa Gwaggo ta ajiye kwalba a kan teburinsa, da takarda a naɗe a wuyanta.

"Sarkin Ambulan, Gwaggo ta kawo mini kwafin wasiƙar da kake aika musu. Da wannan turancin ko ni ce ba zan cire suna ba, roƙo ya yi yawa. Ga yadda za ka rubuta, gajere, ba gaisuwa. Na sa hannu a kan fararen takardu, ka yi amfani da su. Na yi fushi, har yanzu da saura, amma na yarda ba da mugunta ka yi ba. Ka ci abinci, Gwaggo ta ce ka zama kamar tsinken agogo. Malamarka."

Ya kifa kai a kan tebur. Gwaggo ta juya baya tana gyara kwalabe, kamar ba ta gani ba.

Da hannu biyu aikin ya fi sauri. Wasiƙun suka fara raguwa. Masu dambe suka yi shiru, masu fure suka yi shiru, mazan nan ma da ba su ga amsa ba suka gaji. Ƙungiyar abota ce kawai ba ta taɓa amsa takardar cire sunan ba, ita ce kuma ya fi tsoro.

Aka ga wata. Gero ya fara fitar da kai a gonakin Kiyako, mutane suka ɗauki azumi.

Duk ranar da motar wasiƙu ta iso daga Kano, Ƙasimu na tsaye a bakin kanta yana kallon hannun Abdulsalami yana rarrabawa. In ya jefa wata a jakar Gwaram sai Ƙasimu ya leƙa.

"Ta wa ce?"

"Ta hedimasta."

"Waccan fa?"

"Ta malamin asibiti. Kai, ka matsa mini numfashi, azumi nake."

Goman farko ta wuce lafiya. Ta tsakiya ma haka. Saudatu ta aiko da layi ɗaya: "Sarkina, jiya Baba ya tambayi Gwaggo ko kana lafiya." Ya fara barin kansa ya yi tunanin ɗinkin sallah.

Ana cikin goman ƙarshe, teloli sun fara kwana a kan keke, sai hannun Abdulsalami ya tsaya cak a kan wata 'yar siririyar ambulan shuɗiya. Ya juyo da ita kawai.

Mis Saudatu Barau. A kusurwa ga tambarin ƙungiyar abota, hannu biyu suna musafaha.

Ƙasimu ya sake karanta sunan. Ya dafa kanta.

"In ta shiga jaka, Ɗanbala zai kira ta a tsakiyar kasuwa," ya ce da ƙyar. "Ka ba ni in kai wa Alhaji hannu da hannu. Ko ba komai kada a sake yi masa dariya."

Abdulsalami ya daɗe yana kallonsa. "Amana ce, Ƙasimu. Don na san ka zan ba ka."

Motar Gwaram ɗaya ce ranar, ta Maikuɗi. Da ya gan shi sai ya buɗe masa gaba da kansa.

"Shigo nan kusa da ni, ango. Yau jakar kamar ba komai a ciki. Ko dai ka ci nasara ne?" Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. "In ka ci, ka ci. Ni dai na so yarinyar nan, Allah ya sani."

Ƙasimu ya ce, "Allah ya zaɓa mana mafi alheri." Ambulan na aljihun ƙirjinsa, yana jin kusurwarta na sukarsa duk ramin da motar ta faɗa.

A wani rafi da damina ta cika, injin ya yi zafi, Maikuɗi ya tsaya ɗiban ruwa. Fasinjoji suka sauka miƙe ƙafa. Ƙasimu ya gangara gefe shi kaɗai, bayan wata bishiyar ɗinya. Ruwan ja ne, yana gudu, yana tafiya da kara da ganye.

Ya ciro ambulan. Ba nauyi gare ta ba. Yatsu biyu kawai zai buɗe. Abdulsalami ba zai taɓa zuwa Gwaram ya tambaya ba. Sallah ta kusa.

Ya tsaya riƙe da ita a bakin ruwan. Ya hango kansa durƙushe a gaban Alhaji ranar sallah, Alhaji na cewa ka cika alkawari, ɗana, shi kuma yana amsawa. Ya hango Saudatu tana kallonsa da idon nan nata da ke gano kuskure tun daga nesa. Da sunanta ya yi wasa sau ɗaya ba da saninta ba, ga inda abin ya kai su. Yanzu kuma zai sake?

Maikuɗi ya danna ham. Ƙasimu ya mayar da ita aljihu ya hau mota.

Bayan la'asar ya isa ƙofar gidan Alhaji Barau. Saudatu ce ta leƙo zaure jin sallamarsa. Rabonsa da ganinta tun bazara. Ta dubi fuskarsa sau ɗaya, ta gane.

"Ta zo?"

"Ta zo."

"Wa ya sani?"

"Ni da akawu."

Idanunta suka cika. Can ta ce a hankali, "To shiga. Ina nan bayan ƙofa."

Alhaji na zaune a kan buzu da carbi. Ƙasimu ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa nesa, ya gaishe shi, sannan ya matsa ya ajiye ambulan a gabansa da hannu biyu.

Alhaji ya dube ta, ya dube shi. Ya farke, ya juya takardar sama da ƙasa, don shi ajami yake karantawa.

"Saudatu! Na san kina nan. Karɓi ki karanta mini, kada ki rage ko harafi."

Hannu ya miƙo daga bayan ƙofa. Ta karanta, ta fassara:

"Mun samu saƙonki. Mun cire sunanki daga littafinmu kamar yadda kika nema. Mun yi baƙin cikin rabuwa da ke. In kin sake shawara, ki cike gurbin da ke ƙasa."

Daga cikin gida aka ji Gwaggo Azumi ta ce, "Oh ni Azumi!"

Alhaji bai yi dariya ba. "Wato sun rubuto ne su gaya mana sun daina rubutowa?"

"Haka ne, Baba."

"Takarda ce ko ba takarda ba ce?"

"Takarda ce."

"Da sunanta? A cikin azumi?"

"Da sunanta, Baba. A cikin azumi."

"To ka san abin da na ce."

"Na sani." Kansa na ƙasa, yana kallon saƙar tabarma. Bayan ƙofa aka ji an ja numfashi.

Alhaji ya ja carbi, ya ja, ya ja. "Hanyar nan na san ta, rafi ne da ita ko'ina a wannan lokaci. Me ya hana ka?"

"Na tsaya a bakin ɗaya, Baba. Na kasa."

"Hmm. Gaya mini gaskiya. Wannan ce ta ƙarshe?"

Ƙasimu ya auna tambayar. Eh ɗaya za ta iya taimakonsa.

"Ban yi tsammani ba, Baba. Sunan ya yi nisa. Za a yi shiru, sai wata rana wani da ya saya tun bara ya tuna. Zai iya kai shekaru."

"Ba magani ke nan?"

"Cirewa ce suke ja wa rai. Amma in aka ce musu mutum ya tashi ya koma wani wuri, nan da nan suke gyarawa, don ba sa son littafinsu ya ɓata."

"To me ya hana ka juya su zuwa akwatinka tun tuni, ka huta, mu huta?"

"Na yi tunanin haka. Amma sunan 'yarka ne, Baba. Ba zai shiga akwatin saurayi ba sai da izininka. Na yi ganganci sau ɗaya, ya isa."

Ana jin ƙarar turmi daga maƙwabta, ana dakan kunun buɗa-baki.

Alhaji ya ajiye carbin. "Na faɗi magana, kuma ba na son mayar da maganata. Amma tun da aka shiga azumin nan nake juya wani abu. A ce na hana ka, na ba wa wani. Shekara ta zagayo, hoton wani ƙato ya faɗo a gidansa da sunan matarsa. Me zai ce? Wa zai yarda da ita? Duk ƙasar nan namiji ɗaya ne ya san yarinyar nan ba ta da laifi, don shi ne mai laifin." Ya nuna shi da yatsa. "Kai ka ɗaura kayan nan, ba zan ɗora wa ɗan wani ba. Kai za ka ɗauka har ƙarshen rayuwarka."

Ƙasimu ya ɗago, bai tabbata ya ji daidai ba.

"Saudatu, kina ji?"

"Ina ji, Baba."

"Kin yarda da wannan mai kwashe-kwashen takardun, ko in sallame shi?"

Sai muryar Gwaggo: "Yaya, sai ka sa ta faɗa? Ga ta nan tana kuka tana dariya, ta rufe fuska da takardar Turawan."

Alhaji ya kawar da kai don kada a ga bakinsa. "Ka gaya wa kawunka ya zo bayan sallah. Yanzu tashi ka yi alwala, a nan za ka sha ruwa. Kuma na ƙara jin ka sa sunan wani nawa a takarda, ko na akuyata ne, ni da kai ne."

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji Barau. Mutanen Birnin Kudu suka zo mota guda, na Farin Dutse suka zo a ƙasa, aka raba goro da alewa, liman ya yi addu'a mai tsawo.

Da amarya ta kwana biyu a ɗakinta, wata safiya suka baje takardu a kan tabarma, ita tana faɗa, shi yana rubutawa.

"Rubuta, na tashi daga Gwaram. Sabon sunana..." Ta tsaya, ta sunkuyar da kai.

"Faɗi mana, Malamata."

"Kai ma ka sani."

Ya rubuta Saudatu Ƙasimu, don ɗoki har biron ya zarce layi. Ta karɓa ta duba, ta daɗe tana dubawa.

"Ya karkace," ta ce. "Amma bar shi haka, kada ka sake wani."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya rufa musu asiri duniya da lahira, ya sa duk saƙon da zai ƙwanƙwasa ƙofarsu ya zama na alheri. Amin.